Hannun Hagu a Bangon Gidan Ladan

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan kakana a Ƙonni shi ne mace tana ɗinki da hannun hagu. Ba mai rai ba ce, zane ce a jikin bango, ƙarƙashin rumfar kara da ke gaban ɗakin Kawu Sahabi. Tsayinta ya kai na mutum, ta ɗaga kai sama, allura na tsakanin yatsunta, ƙaramin yatsan ya ɗan karkace waje. Babana yana zaure yana gaisawa da maza, Iya kakata tana ta ce mini in ajiye kaya in sha ruwa, ni kuwa na tsaya da ƙullina a ka ina kallon yatsan. A lokacin ba na yawan cewa komai.

Ku da kuka je gidan nan da ƙuruciya kun ga abin da ya rage: hannu guda da allura, cikin ɗan fili kamar faɗin faifai, yaɓe ya kewaye shi. Na san abin da aka gaya muku. Wasu sun ce hannun aljana ne, wasu sun ce asiri ne Kawu ya yi don aiki ya riƙa zo masa, akwai ma wadda ta gaya wa ɗayanku cewa an taɓa bautar gunki a gidanmu. Duk waɗanda suka ga bangon a cike sun rasu, saura ni. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Uwata Rakiya ta rasu a Tsarnawa kafin in shiga aji na gaba, babana ya ga ba mai kula da karatuna, sai ya kawo ni wurin iyayenta in ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, a birni. Kakana Malam Idi, da muke kira Kaka, shi ne ladan na masallacin unguwa. Dogo ne, mai murya, ba ya cin abinci da zafi don kada maƙogwaronsa ya ɓaci. Uwata ita ce ƴarsu ta fari, kun kuwa san yadda mutanen dauri suke yi da ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane, ko yana raye ko ya mutu. A gidan ban taɓa jin sunanta ba. In magana ta kama, Iya takan ce “waccan ta Tsarnawa”, Kaka kuwa ko haka ba ya cewa, sai ya yi tari ya sake zance. Kawu Sahabi kaɗai ke ambatonta, shi ma “Yaya” yake cewa. Hotonta babu, ba a taɓa ɗaukarta ba.

Kawu mai fentin motoci ne a tasha. Shi ke rubuta addu’o’i a goshin manyan motoci, ya zana furanni da zakuna a jikin katako. Bai yi lakwal ba, allo ya yi, don haka ajami yake rubutawa, boko kuwa kwaikwayon siffarsa kawai yake yi in an ba shi a takarda. Direbobi kan kawo masa yagaggun littattafan Turawa masu zane gida-gida, waɗanda magana ke fitowa daga bakin mutum cikin da’ira. Da ya ji na iya faransanci sai ya ba ni ɗaya in karanta masa. Na karanta a hankali, kaina a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe.

“Shi ke nan? Duka da gudu kawai? Waɗanga ba su da dangi ne? Ba mai bin wani bashin gaisuwa?”

Ya ce nasa sun fi. Nasa suna bango.

Duniyar da ya ƙirƙira sunanta Zambarka. Wani tsoho ne ya yi atishawa ta fito, ya dube ta bai so ta ba, ya bar wa ƴaƴansa uku ya tafi, ba a sake jin labarinsa ba. Su ukun nan su ne allolin mutanen Zambarka, su ne kuma ya zana manya da ragowar fentin mota a saman bangon. Babban shi ne Gwandabo, mai tumbi, yana rataye da salkar da duk ruwan sama ke ciki. Kunnensa ɗaya kurma ne, kuma shi yake juya wa mutane in suna roƙo, don haka in sun nemi ruwa sai ya aiko musu da baƙi. Ƙaramin shi ne Ƙiriri, mai ƙafafun fara, ɓarawo. Shi ke gutsurar wata yana kai wa kasuwa, shi ya sa wata ke ragewa. Ta tsakiya ita ce Lankwasa. Samaniyar Zambarka zane ne shuɗi da aka shimfiɗa, kullum zafin rana sai ya yage ta, kullum da yamma Lankwasa ta ɗinke, taurari kuwa hudar allurarta ce. Ba ta magana. Gwandabo da Ƙiriri kullum da da’irar magana a bakinsu, ita ba a taɓa yi mata ba.

Ƙarƙashinsu ya raba bangon gida-gida. Duk ranar Alhamis, da ba ya zuwa tasha, yakan shafe gidajen da farar ƙasa, ya zana sabon labari da gawayi, ya rubuta maganganun da tawadar allo. Mutanen Zambarka gajeru ne masu wutsiya, suna tafiya tana share sawunsu, shi ya sa ba wanda ya san inda wani ya kwana, shari’a ba ta ƙarewa a ƙasarsu. Yaran unguwa kan cika rumfar, wanda ya iya ajami ya karanta da ƙarfi, a yi ta dariya. Ni ina zama a gefe ina tsince wake.

Iya ta ba ni labarin ranar da Kaka ya fara ganin bangon.

“Sahabi, waɗanga mi ne?”

“Allolin mutanen Zambarka ne, Baba.”

“A’uzu billahi. Ina Zambarka take?”

“Cikin kaina take.”

“To, su tsaya can.”

Doka ɗaya ya kafa: ba a salla a ƙarƙashin rumfar. Bai ce a goge ba, Iya ma ta yi mamaki. Amma ni na lura da wani abu. Bayan la’asar, in ya dawo daga masallaci, yakan shimfiɗa buzunsa a bakin rumfar yana jan carbi, ya ba bangon rabin baya kamar wanda bai damu ba. Inuwa ta fi yawa ta wajen Gwandabo, amma kullum ta wajen Lankwasa yake zama, ko da rana na dukan ƙafafunsa.

Uwata bahaguwa ce. Tun tana ƙarama aka hana ta ci da miƙa abu da hagu, ta bari, amma allura ta ƙi zama mata a dama. Ƙaramin yatsanta ya taɓa karyewa a jikin turmi, ya warke a karkace. Tana kuma da wushirya. Wata Alhamis da yara suka watse, Kawu yana wanke hannu, na ce masa:

“Da hagu take ɗinki.”

Ya bar wanke hannun, ya juyo.

“Ashe kina magana. Yaran ga sun shekara suna kallonta, ba wanda ya gani.”

“Da wushiryar,” na ce.

“Da wushiryar,” in ji shi. “To, bar shi cikinki, ɗiyata. Lankwasa ce.”

Daga ranar, kafin in tafi lakwal nakan tsaya a gabanta ina ɗaura ɗankwali, kamar ina neman inuwa. Ba na gaishe ta, na san fenti ce. Amma fuskar uwata ta fara ɓace mini a kai, a bangon kuwa ba ta ɓacewa.

Shekarar ita ce ta babban fari. Da aka rufe lakwal ban koma Tsarnawa ba, babana ya aiko cewa in zauna inda tukunya ke hawa wuta. Lokacin shuka ya zo ya wuce, sama fes. Makiyaya suka fara shigowa gari da shanun da ake ƙirga haƙarƙarinsu, suna sayarwa a kan abin da bai kai kuɗin akuya ba. Kawu, da yake abin da ke gari shi ke shiga bangonsa, ya ja labari a kan haka: Ƙiriri ya ƙulle bakin salka da wani ƙulli don ya riƙa sayar da ruwa a ɓoye, Gwandabo ya yi ta fama, ya sa haƙori, ya sa ƙafa, ƙullin ya ƙi. Makonni ana wannan. A makon da liman ya sa a fita roƙon ruwa, Kaka ya yi ta kiran mutane har muryarsa ta dushe, maza da yara suka fita bayan gari da riguna a juye. A Alhamis ɗin makon Kawu ya gaji da labarin ƙulli, ya zana Gwandabo ya zauna a kan salka bisa kuskure, ta fashe, ruwa ya tafi da kasuwar Ƙiriri. Washegari bayan Juma’a hadari ya haɗu, aka yi ruwa har kwata ta cika.

Maza suka ce Allah ya karɓi roƙo. Yara kuwa suka bi gari suna cewa Gwandabo ya zauna a kan salka. Wasa suke yi. Amma maganar ta shiga kasuwa, ta hau jakuna ta tafi ƙauyuka, kuma da ta isa can ta bar zama wasa: an ce a gidan ladan akwai bango mai rubutun malamai, abin da aka zana a kai sai ya faru. Aka yi shuka, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke. Sai mata suka fara zuwa.

Rumfar a cikin gida take, namiji baƙo ba ya wuce zaure, amma mace ba a hana ta shiga. Sukan yi sallama, su gaisa da Iya, su nemi ruwan sha, idonsu na kan bango. Bayan sun tafi sai mu ga goro a gindin Gwandabo, ko ɗan curin fura, a shekarar da fura ta fi komai tsada. Iya takan kwashe kafin Kaka ya dawo, ta ba maƙwabta. Wata ta kama rigar Kawu tana roƙonsa ya sake fasa salkar.

“Inna, ni na yi shi da hannuna. Ragowar fentin motar Illela ne. Ko kunne bai da shi mai kyau.”

“To, ka gyara mishi kunnen mana, ɗana.”

Abin da ya kai maganar ga liman wata tsohuwa ce daga wajen Dogarawa, matar makiyayi, wadda ta zo da ƙafa. Ni kaɗai ke tsakar gida da rana tsaka. Ba ta kalli zanen sosai ba, rubutun ta kalla. A wurinta duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Alƙur’ani da tawadar allo magani ne, haka ta gani tun tana yarinya: malam ya rubuta, a wanke, a sha. Ta fito da ƙaramar ƙwarya, ta zuba ruwa daga gorarta, ta yi bismilla, ta jiƙa gefen mayafinta, ta goge maganar da ke bakin Gwandabo a hankali, tana matsewa cikin ƙwaryar. Ta kurɓa kaɗan, sauran ta juye a gora, ta ce na saniyarta ce guda da ta rage. Na san abin da ke rubuce a wurin, yaran sun karanta shi da safe. Gwandabo ne ke cewa, “Wa ya ɗauke mini takalmi?” Na so in gaya mata, na ga yadda ta rungume gorar, na ci gaba da tsince wakena.

Maƙwabciyarmu ta hango ta ta katanga. Kafin magariba liman yana zaure. Tsoho ne mai sanyin magana, abokin Kaka tun suna yara. Ni na kai musu ruwa, na tsaya bayan ƙofa.

“Malam Idi, ni na san wasan yara ne. Amma wadda ta taho daga Dogarawa ba ta sani ba. Mun hita roƙo, Allah ya ba mu, yanzu ana cewa bangonka ne ya ba mu. Kuma kai ne ke cewa babu abin bauta sai Allah sau biyar a rana, daga nan ka komo gida ka iske goro gindin mai tumbi.”

Kaka bai yi musu ba. Bai kuma shigo ya yi faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Washegari da azahar ta yi, ba a ji muryarsa ba. Wani saurayi ne ya hau ya kira, da murya kamar ta ɗan zakara. Kaka ya je ya yi salla a sahun baya ya dawo. La’asar haka, magariba haka. Iya ta tambaye shi ko maƙogwaro ne.

“Lahiyata lau. Bakina ne bai dace ba, tunda gidana ya zama wurin kai goro.”

“To, ka ce ma yaron ya shafe mana.”

“Ban ce ma kowa komi ba.”

Tun kafin a haifi uwata yake kiran salla a masallacin nan. Unguwar ba ta da agogo sai shi. Yanzu ya zama mai zama a bakin rumfa tun safe, yana ramewa, carbi a hannu. Kowa a gidan ya gane cewa abu biyu ne ba za su zauna tare ba, muryarsa da bangon, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya zaɓa ba. Ni ce kawai, sai Kawu, muka san dalilin da ya sa ba zai iya cewa a shafe ba.

Kawu ya gwada dabara. Ya goge duk gidajen labari, ya rubuta a bakin Gwandabo da manyan baƙaƙe: “Ni fenti ne, ba na ji, ba na ba da ruwa, ku roƙi Allah.” Ya ce wa Iya duk wadda ta zo a karanta mata. Kafin rana ta faɗi wata ta wanke shi ta tafi da shi, ta ce wannan ma ya fi, tunda akwai sunan Allah a ciki. Kawu ya tsaya yana kallon farin wurin, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya tashi sai ya ce mini gobe in taya shi ɗebo ruwa.

Bari in gaya muku abin da ya biya, don kun san shi yana tsoho mai yawan shiru, kun ɗauka haka aka haife shi. Daga wannan yaɓen bai sake zana abu mai fuska ba. Ya ci gaba da aikin tasha har idonsa ya gaza, furanni da rubutu kawai, ko zaki ya daina. Yara sun yi ta binsa ya gaya musu ko Ƙiriri ya mayar da wata, yakan ce ya manta. Na taɓa tambayarsa bayan na yi aure, ya ce Zambarka sai an zana ta take zuwa, in ba a zana ba babu kowa a ciki. Kaka kuwa ya koma kiran salla, ya yi ta yi har shekarar da ya rasu. Ruwa bai dawo ba a daminar nan, geron ya bushe yana tsaye. Wannan ba ruwan bango.

Ranar yaɓen, da hantsi, na yi ta kai da kawowa rijiya, wadda sai an ƙara igiya ake samun ruwanta. Kawu ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa da kashin jaki, ya tattake da ƙafa. Yaran unguwa suka taru a bakin ƙofa, ba mai dariya. Kaka yana kan buzunsa, a inda ya saba. Kawu ya fara da gidajen ƙasa. Sannan Ƙiriri, ya ce masa, “Yau an kama ka.” Sannan Gwandabo, wanda tumbinsa ya ci laka mai yawa, Iya ta ce ko a bango ma ci ne da shi. Da ya zo kan Lankwasa ya tsaya ya sha ruwa, ya sake kwaɓa lakar da ba ta bukatar kwaɓi. Ya fara daga ƙafa. Zanen da ta ɗaura ya tafi, sannan kafaɗa. Na ɗauka zai bar fuskar zuwa ƙarshe, ina ta haɗa magana a bakina, sai ya ɗebo laka cike da tafi ya rufe ta gaba ɗaya, da sauri, bai kalla ba. Na ji carbin Kaka ya tsaya.

Saura hannun, can sama, da allurarsa. Kawu ya sunkuya zai ɗebo laka.

Tun zuwana gidan ban taɓa fara yi wa Kaka magana ba, sai dai ya tsokane ni ya ce amaryarsa kurma ce, in rufe fuska in gudu. Na ajiye tulu, na je gabansa na durƙusa. Idonsa na kan yatsun ƙafarsa.

“Kaka.”

“Na’am, amarya. Yau da baki?”

“Hannu kaɗai ba ya da baki, ba ya da rubutu. Ba wadda za ta wanke shi.”

Kawu yana tsaye da laka a hannu tana ɗiga. Na san ba a faɗin sunan a gidan nan, na kuma san in ban faɗa ba zai iya yin tari ya sake zance.

“Hannun Rakiya ne,” na ce. “Don Allah ka ce a bar mana shi.”